Littafin Gyara Shi Ne Ran Tsohuwar Na'urar Awon Lantarki

A cikin watan Agusta na shekarar 2015 ne wani kamfani mai suna Manuals Plus, da ke garin Finksburg a Jihar Maryland ta ƙasar Amurka, ya zo ƙarshen sana'arsa. Shekara da shekaru kamfanin ya yi yana tarawa da sayar da littattafan gyaran na'urorin awon lantarki, watau littattafan nan da masu ƙera na'ura suke haɗawa da ita domin amfanin makanikai da injiniyoyi. Da ciniki ya ja baya, wa'adin hayar siton kuma ya ƙare, sai aka yanke shawarar a kwashe abin da ya rage a kai juji.

Labari ya kai kunnen Jason Scott, wani ma'aikacin ɗakin adana tarihi na Internet Archive, shi kuwa ya yi shela yana neman gudunmawa. Cikin 'yan kwanaki masu aikin sa kai suka hallara, suka bi kantocin siton ɗaya bayan ɗaya suna zaɓen kwafi guda daga kowane iri. Da farko an ƙiyasta littattafan za su kai 25,000, amma da aiki ya yi nisa sai adadin ya zarce haka ƙwarai, har aka cika akwatunan kwali fiye da 1,000. Akwatunan sun yi shekaru a ajiye, daga bisani aka kai su Kalifoniya, kuma a shekarar 2024 Internet Archive ta ba da sanarwar cewa an shiga aikin rarrabe su da ɗaukar hotunan shafuffukansu domin kowa ya karanta kyauta.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne a cikin tsofaffin takardu har mutane za su bar harkokinsu su yi ta ɗaukar kwalaye cikin zafin bazara? Amsar ita ce, dubban na'urorin da aka rubuta littattafan dominsu suna nan da ransu a ɗakunan gwaji da makarantu da shagunan gyara a ko'ina cikin duniya, kuma wadda duk ta rabu da littafinta, to, ta kama hanyar zama tarkacen ƙarfe.

Su wane ne waɗannan na'urori?

Wutar lantarki aba ce da ido ba ya gani, saboda haka duk mai aiki da ita dole ne ya dogara ga abin awo, kamar yadda likita yake dogara ga abin sauraren ƙirji. Mafi sauƙi a cikinsu ita ce mita mai auna ƙarfin wuta da yawan gudunta da kuma turjiyar da take gamuwa da ita a waya. Wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, shi ne ya haɗa waɗannan awo uku cikin akwati guda, aka fara sayar da ita a shekarar 1923 da sunan AVO. Samfurinta na 8 ya fito a 1951, ba a kuwa daina ƙera shi ba sai a 2008.

Sai kuma osiloskof, na'urar da take zana siffar wutar a kan gilashi, mutum ya ga hawanta da saukarta kamar igiyar ruwa. Asalinta daga kwalbar nan ce da masanin Jamus Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙira a 1897, amma kamfanin Tektronix, wanda Howard Vollum da Jack Murdock da abokansu suka kafa a birnin Portland na Jihar Oregon a 1946, shi ne ya mai da ita abin awo na sosai. Samfurinsa na 511 ya fito a 1947, na 545 a 1955, sa'an nan na 465 a 1972, wanda yake iya bin wutar da take kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa ɗaya.

Na uku su ne na'urorin da suke haifar da sigina mai sanannen awo domin a gwada rediyo ko lasifika da ita. Da irin wannan ce Bill Hewlett da David Packard suka fara kamfaninsu a wani garejin mota a Palo Alto a 1939. A cikin samfurinsu na farko, 200A, ƙwan fitila ɗan ƙarami ne yake daidaita ƙarfin siginar, kuma kamfanin fim na Disney ya sayi guda 8 na samfurin da ya biyo baya, 200B, domin aikin sautin fim ɗinsa na Fantasia.

Abin da littafin ya ƙunsa

Masu ƙera waɗannan kayayyaki a wancan zamani sun ɗauka cewa na'ura za ta lalace, kuma wanda ya saye ta shi ne zai gyara ta a inda yake. A kan haka suka tsara littattafansu. Wanda ya buɗe littafin Tektronix 465, alal misali, zai tarar da bayanin abin da na'urar take iyawa, da yadda ake sarrafa ta, sa'an nan dogon sharhi a kan yadda kowane sashe nata yake aiki da dalilin da ya sa aka tsara shi haka. Bayan wannan akwai matakan daidaita awo bi da bi, da jerin kowane ƙaramin kaya da lambarsa, har da kusoshi da wasa. A ƙarshe kuma ga manyan shafuffuka masu naɗi ɗauke da taswirar hanyoyin wuta, inda aka rubuta ƙarfin wutar da ya kamata a samu a kowace mahaɗa, tare da hoton siffar da za a gani in komai lafiya yake. Masu zanen kamfanin har sukan ɓoye 'yan hotunan barkwanci a kusurwar wasu taswirori, abin da masu tara littattafan suke farauta har yau.

Kulawar ba ta tsaya ga takarda ba. A cikin manyan osiloskof masu bawul na shekarun 1950 da 1960, Tektronix ya jera kayan ne a kan sandunan tangaran masu rufin azurfa, waɗanda darmar liƙi ta yau da kullum takan ɓata in an yawaita amfani da ita. Domin kada makaniki ya rasa yadda zai yi, sai kamfanin ya riƙa maƙala ɗan ƙaramin naɗin darma mai haɗin azurfa a cikin na'urar kanta, ya kuma yi gargaɗi a kan haka.

Littafi irin wannan makaranta ce sukutum. Marigayi Jim Williams, shahararren injiniyan kamfanin Linear Technology wanda ya rasu a 2011, ya ba da labari a wani littafi da ya tsara a 1995 cewa lokacin da yake aiki a jami'ar MIT a ƙarshen shekarun 1960, shugaban ɗakin gwajinsu, Farfesa Jerrold Zacharias, ya hana a fitar da kowace na'ura waje domin gyara. Tilas ta sa Williams ya zauna da na'urorin da littattafansu, ya kuma bayyana cewa a nan ne ya samu babban rabo na ilmin da ya yi suna da shi. Dalili a fili yake: mai gyara yana bin sawun tunanin gwanin da ya tsara abin, kuma na'urar ba ta karɓar amsar da ba daidai ba, ko ta tashi ko ta ƙi.

Yadda ake neman littafin

Matakin farko shi ne a karanta lambar samfuri da lambar ƙira da ke maƙale a bayan na'urar, domin samfuri guda yakan yi shekara 10 ko fiye ana ƙera shi, ana kuma yi masa sauye-sauye a hanya. Hewlett-Packard yana da tsari mai kyau a kan wannan. A lambobin ƙirarsa na da, alƙaluma 2 na farko in aka haɗa su da 1960 sai su ba da shekara, 2 na biye su ba da mako, harafin da ke binsu kuma ya nuna ƙasar da aka yi ƙirar, A na nufin Amurka, G Jamus, J Japan. Ke nan lambar da ta fara da 1822A tana nufin tsarin mako na 22 na shekarar 1978, ƙirar Amurka. Shafin farko na littafin yakan faɗi lambobin da ya shafa, sauran canje-canje kuma suna cikin wasu takardu na daban da akan cusa a ciki. Waɗannan 'yan takardu su ne suka fi saurin ɓacewa, kuma wanda ya yi aiki da taswirar da ba ta dace da lambar na'urarsa ba yana iya kwana yana neman kayan da babu shi a ciki.

Bayan an san abin da ake nema, akwai ƙofofi da dama. Ta farko ita ce ta kamfanin ko magajinsa. Sashen na'urorin awo na Hewlett-Packard ya koma Agilent a 1999, daga nan ya koma Keysight a 2014, kuma har yanzu ana samun tsofaffin littattafai da yawa a wurinsa. Tektronix kuwa ya ba da izini a rubuce cewa ana iya kwafar littattafan kayayyakinsa da ya daina tallafa wa, abin da ya buɗe hanya ga ma'ajiyar TekWiki da kuma gidan tarihi na vintageTEK da tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka kafa a yankin Beaverton. Ƙofa ta biyu ita ce ta ma'ajiyoyin masu sha'awar rediyo, irin su BAMA, da kuma Internet Archive. Ta uku, wadda mutane da yawa ba su sani ba, ita ce ta littattafan rundunar sojan Amurka. Rundunar ta sayi na'urorin awo masu ɗimbin yawa, ta kuma buga musu nata littattafan a jerin da ake kira TM 11-6625, wani lokaci a ƙarƙashin suna na soja wanda ya bambanta da na kasuwa.

Sai dai ba kowane kwafi ne yake da amfani ba. Taswira mai naɗi in aka ɗauki hotonta da gaggawa, layuka sukan haɗe, ɗigon da ke tsakanin alƙaluma ya ɓace, har 4.7 ya koma 47. Shi ya sa ƙwararru suke fifita littafi na asali in ya samu, ko kuma kwafin da aka ɗauka a tsanake da na'ura mai kyau.

Kada a yi gaggawar kunnawa

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya jona tsohuwar na'ura da wuta don ya ga ko tana yi. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, a nan kuwa takan ƙone taransifomar da ba a sake samun irinta. Ƙa'ida ita ce a fara buɗewa a duba da ido da hanci: ko akwai alamar ƙuna, ko kayan da ya kumbura, ko ruwan batir da ya zuba, ko aikin wani makaniki da ya riga ya taɓa. Sa'an nan a duba fis, a kuma duba maɓallin zaɓen wuta da ke baya. Wannan yana da muhimmanci ga duk wanda ya sayi kayan gwanjo daga Amurka, domin wutar gidajensu wajen bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230.

In an zo kunnawa, akan ɗaga wutar ne sannu a hankali da taransifoma mai juyi, ko kuma a sa ƙwan fitila mai zare a kan hanyar wutar. Idan akwai inda wuta take haɗewa a ciki, ƙwan zai haska sosai ya tare yawancin ƙarfin, na'urar ta tsira. Daga nan sai a auna sashen da ke rarraba wuta, a gwada da alƙaluman littafi, domin galibin cututtukan tsohuwar na'ura daga nan suke tasowa. A nan ma sai an karanta ƙananan rubutu. Tsofaffin littattafai sukan ce an ɗauki awon ne da mita mai allura irin AVO 8, wadda take jan 'yar wuta kaɗan daga abin da take aunawa. Mitar zamani mai alƙaluma ba ta ja kamar haka, don haka a wasu wurare takan nuna adadi sama da na littafi alhali babu abin da ya lalace.

Kowane zamani da irin ciwonsa, kuma kwandansa, watau ɗan kayan da ke riƙe caji, ita ce kan gaba. Masu ruwan sinadari a ciki sukan bushe ko su yi yoyo. Na tantalam, masu kama da ɗigon alewa, da suka cika na'urorin shekarun 1970, sukan haɗe wuta ba zato su durƙusar da sashe guda. Akwai kuma na takarda ƙirar RIFA da ake sa wa a mashigar wuta, waɗanda jikinsu yake tsattsagewa da tsufa, danshi ya shiga, wata rana su tashi da hayaƙi mai wari. A na'urar sigina ta HP 8640B kuwa haƙoran roba na cikin maɓallan juyi ne suke tsagewa, har ta kai masu gyara suna sassaƙa sababbi da tagulla. Datti ma ciwo ne: maɓallan da suka yi shekaru ba a juya su ba sukan buƙaci wanki da sinadarin da ba ya cin roba. Cibiyoyin gyara na Tektronix a da har wanka suke yi wa osiloskof da ruwa da sabulu, sa'an nan su busar da ita a cikin tanda mai ɗumi kafin a kunna.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Kwalbar osiloskof tana aiki da wutar da ta kai bolt 10,000 ko fiye, kuma manyan kwandansa sukan riƙe caji bayan an kashe na'ura. Wasu tsofaffin kaya kuma suna ɗauke da sinadarai masu guba. Ɗalibi bai kamata ya sa hannu a ciki ba sai tare da malamin da ya san aikin.

Mataki na ƙarshe shi ne daidaita awo, kuma a nan ne littafi ya fi zama dole. Cikin na'ura akwai ƙananan kusoshin saiti masu yawa, wasunsu suna shafar juna, dole kuma a bi su bisa jerin da aka tsara, da wani abin awo da ya fi wanda ake gyarawa inganci. Wanda ya kama murɗa su da ka, ya ɓata a minti 5 abin da zai ci kwanaki kafin a mayar. Abin awon da yake ƙarya kuwa ya fi wanda ya mutu haɗari, domin mataccen kowa ya san matacce ne.

Da zamani ya juya

Daga shekarun 1980 al'amura suka fara sauyawa. Na'urori suka koma amfani da ƙananan kayan da kamfani ya ƙera don kansa kaɗai, waɗanda in sun mutu sai dai a ciro daga wata matacciyar na'ura irinta. Alƙaluman saiti kuma suka bar kusoshi suka koma cikin ƙwaƙwalwar lantarki da ɗan batir yake riƙe da ita. A wasu samfuran Tektronix 2465B da mitar HP 3458A, batirin yana binne ne a cikin kayan ƙwaƙwalwar, ranar da ya ƙare kuwa saitin ya tafi. Saboda haka masu lura sukan kwafe abin da ke ciki tun da sauran lokaci. Zuwa shekarun 1990 littattafai da yawa sun daina kawo cikakkiyar taswira, sai dai su ce a cire allo kaza a sa sabo.

Wannan hali, wanda ya game har da wayoyin hannu da kayan gida, shi ne ya haifar da fafutikar neman 'yancin gyara. Jihar New York ta sa hannu a kan dokarta a 2022, Jihar Oregon, mahaifar Tektronix, ta bi sahu a 2024, kuma a wannan shekarar ce Tarayyar Turai ta zartar da nata umurnin. Dokokin sun fi shafar kayan amfanin jama'a, amma manufarsu ita ce a maido da abin da tsofaffin kamfanonin suke yi ba tare da an tilasta musu ba, watau sakin bayani da kayan gyara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Abin lura ga ma'aikata da ɗalibai

Ba a cewa tsohuwar na'ura ta fi sabuwa a kowane fanni. Osiloskof ta zamani ba ta da nauyi, ba ta shan wuta sosai, tana kuma adana abin da ta gani. Amma domin koyar da tushen aiki da gyaran rediyo da kayan sauti, na'urar 1972 mai lafiya tana biyan bukata, kuma ta fi sabuwa da abu guda: ɗalibi yana iya buɗe ta ya fahimci abin da ke ciki daga farko har ƙarshe.

Na'ura da littafinta sukan rabu ne ta hanya mai sauƙi. Na'ura tana ɗakin gwaji, littafi yana durowar wani jami'i. Aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, aka share ofis, shi ke nan. Ranar da na'urar ta yi tari, sai a rubuta cewa ba ta gyaruwa, a tura ta sito, daga can sai gwanjo, daga gwanjo sai hannun 'yan gwangwan da za su fasa ta domin tagullar da ke ciki, alhali wataƙila kwandansa guda ce ta mutu.

Maganin wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi mai yawa. Ya kamata ma'ajin sito ya shigar da littafi cikin rajista kamar yadda yake shigar da na'urar, da lambar ƙirarta a gefe. A ajiye na asali a ɗakin karatu inda gara da danshi ba za su kai gare shi ba, a ba ɗakin gwaji kwafi. Kafin kwamiti ya yanke wa wata na'ura hukuncin gwanjo, a nemi littafinta a ma'ajiyoyin da aka ambata, a kuma ba malaman sashen lantarki dama su duba ta tare da ɗalibansu. Wanda kuma ya tarar da wani tsohon littafi a ofishinsa, ya ɗauki hotonsa da kyau ya aika inda ake adanawa, domin mai yiwuwa ne wani makaniki a wata ƙasa shekara da shekaru yake nemansa. Adana dai ya fi nema.